Yadda muka kwashe tankin kifin teku daga Bompai zuwa Rijiyar Zaki, da kifin da na kashe

1/
Jama'a, wata biyu ke nan ina son rubuta wannan zaren ina fasawa, saboda akwai abin kunya a ciki. Ni da Yayana mun kwashe wani ƙaton tankin kifin teku na hannu, mai lita 540, daga Bompai zuwa Rijiyar Zaki. Gilashi bai fashe ba, ba wanda ya karye. Amma kifi ɗaya ya mutu, kuma ni na kashe shi. Ku gyara zama, zaren da tsawo 🧵

2/
Yaya aikin sola da inbata yake yi. Akwai wani dattijo ɗan asalin Lebanon, haifaffen Kano, wallahi Hausarsa ta fi tawa, wanda Yaya ya haɗa wa batira shekarun baya saboda tankin kifinsa kawai. Duk sanda Yaya ya je duba aiki sai ya tsaya a falon yana kallo kamar ƙaramin yaro, ya dawo gida ya ishe mu da labari.

3/
To Baban ya yanke shawarar komawa wajen 'ya'yansa a ƙasar waje, tsufa ya zo ga ciwon ƙafa. Ya ce zai bar wa Yaya komai, tanki da injina da kifaye, a farashin da kowa ya san kyauta ce aka sauya wa suna. Sharaɗinsa ɗaya: kada a raba kifayen, kada a sayar da su. Duk da arahar, kuɗin sun kai na babur. Anti dai ba ta yi murna ba 😅

4/
Ni kuma ina aji uku, kiwon kifi nake karantawa. Yaya ya kira ni: "Ƙanina, ranarka ta zo, yau za mu ga amfanin kuɗin makaranta." Na ce haba Yaya, ai ƙaramin aiki ne. Abin da na sani tarwada ce da karfasa. Tarwada kuwa ka zuba ta a baho da ɗan ruwa ka ɗora a adaidaita, lafiya lau za ta isa, don tana iya shaƙar iska kai tsaye. Da wannan ƙwarin gwiwar na tafi.

5/
Ina shiga falon bakina ya mutu. Tsawo santimita 150, faɗi 60, tsayi 60, kaurin gilashi milimita 12. A cikin kabad ɗin ƙasa akwai wani ƙaramin tankin cike da famfuna da tiyo da wayoyi, ga injin da ke kaɗa ruwa ya yi kumfa ya tsame datti, ga injin sanyaya ruwa kamar ɗan firji. Ko ɗaya ban taɓa gani ba a inda muke koyon aiki.

6/
Ga lissafin da na yi a waya: 150 sau 60 sau 60, lita 540. Lita ɗaya ta ruwan teku ta ɗan ɗara kilo ɗaya. Gilashin kaɗai, ba komai a ciki, ya haura kilo 100. Ƙara duwatsu kamar kilo 50, yashi kamar 35, teburin ƙarfe da tankin ƙasa. Duka yana neman kilo 800. Buhun siminti 16 ke nan a jibge waje ɗaya.

7/
Mazauna ciki: kifi biyu ruwan lemo masu ratsin fari, irin Nemo na fim ɗin Finding Nemo. Shuɗi ɗaya mai rawayar wutsiya, ita Dory ɗin fim ɗin, girmansa ya kai tafin hannuna. Wasu ƙanana kore-kore guda 5 masu yawo tare, jatan lande ɗaya, dodon koɗi da yawa, sai murjani mai laushi da ke rangaji a ruwa kamar ciyawa a iska.

8/
Baban ya nuna min babbar cikin masu ruwan lemon, ya ce "Wannan ita ce uwargida, shekara 8 suna tare da maigidan." Irin wannan kifin da namiji yake fara balaga, wanda ya fi girma a cikinsu shi ke rikiɗa ya koma mace. In ta mutu na biye da ita ya rikiɗa ya maye gurbinta. Ikon Allah. Shi kuma shuɗin shekara 6 yana wajensa.

9/
Abu na farko da ya raba su da tarwadata shi ne gishiri. Ruwan teku yana ɗauke da kamar giram 35 a kowace lita. Kifin teku kullum cikin shan ruwa yake yana fitar da gishirin ta kunnuwan numfashinsa. Gishirin miya ba ya yi, babu kalshiyam da maganiziyam da sauran sinadaran teku a ciki. Na musamman ake shigo da shi a bokiti. Legas kuwa kusan kilomita 1,000 ce daga nan, ba ka ce bari in je in ɗebo.

10/
Sai Baban ya tambaye ni, "Yarona, a cikin duk wannan me ya fi daraja?" Na nuna shuɗin kifin. Ya girgiza kai, ya ƙwanƙwasa gilashi daidai wajen duwatsun. Duwatsun nan masu huji-huji ne kamar soso, kuma kowane huji gidan bakteriya ne. Su ne matatar tankin. In suka mutu, duk injinan da ke cikin kabad ba za su ceci kifi ba.

11/
Yadda abin yake: kifi yana fitar da amoniya, kuma guba ce gare shi. Wasu bakteriya su mayar da ita naitirait, ita ma guba. Wasu su mayar da wannan naitiret, mai sauƙi, wanda ake ragewa da canjin ruwa. A sabon tanki sai an yi sati 4 zuwa 6 kafin su kafu. Na ce "Baba ai mun yi wannan a aji biyu, A na ci." Ya ce "To madalla." Madallar nan har yau tana min yawo a kai.

12/
Umarni uku ya ba ni. Ɗaya, kada duwatsu su bushe ko na ɗan lokaci. Biyu, a daina ba kifin abinci kwana biyu kafin ranar, don kada su ɓata ruwan tafiya. Uku, yashin ƙasa: in ɗebi kofi biyu daga sama in ajiye, sauran a zubar, ko a wanke shi har ruwan wankin ya fito tas. Ku riƙe na ukun nan, za mu dawo kansa.

13/
Muka yi sati muna shiri. Duro biyu shuɗaye, jarka 12 masu lita 25 sababbi dal, bokitai masu murfi, kula biyu. Yaya ya so mu yi hayar jarkokin 'yan ga-ruwa don sauƙi, Baban ya ce sam. Duk jarkar da ta taɓa ganin fetur, mai, sabulu ko maganin ƙwari, ta fita. Ko ƙarfen tagulla ba ya so ya taɓa ruwan, don yana kashe jatan lande da murjani.

14/
Ruwan rijiyar burtsatse ma ya hana. Muka sayo lita 200 na ruwan da aka tace da injin RO daga wani gidan ruwan leda a unguwar su Yaya, muka zuba gishiri kusan kilo 8, ƙaramin famfo ya yi kwana biyu yana juya shi. Akwai wani ɗan ma'auni da ake ɗiga wa ruwa a leƙa ta ciki a hasken rana. Ya nuna 1.025, daidai da na tankin.

15/
In ka cire wajen da duwatsu da yashi suka cinye ka ƙara na tankin ƙasa, ruwan duka kamar lita 500 ne. Na ce tsohon ruwa 300 a jarkoki, sabo 200 a gida, shi ke nan lissafi ya fita cif. Wannan cif ɗin shi ne kuskurena na farko. Ban bar ko lita ɗaya ta ko-ta-kwana ba.

16/
Ranar Asabar ce a watan Afrilu, kun dai san Kano a lokacin, zafi yana taɓa digiri 40. Kifayen nan kuwa tsakanin 24 da 26 suke so. Don haka ana idar da sallar Asuba muka isa. Kafin a kwance komai na ɗauki hoton duwatsun ta kowane ɓangare, na liƙa wa kowace waya da kowane tiyo tef na rubuta lamba. Wannan kam ya taimake mu sosai da yamma.

17/
Muka kashe fitilu da famfuna. Abu na farko, zuƙo ruwan sama da tiyo zuwa jarkoki tun kafin a taɓa dutse ko ɗaya. Dalili, da zarar ka ɗaga dutse datti zai tashi, ruwan ya koma kamar kunu, ba wanda zai so ya kai wannan sabon gida. Jarka 12 suka cika da ruwa garau, aka kuma cika rabin duro na duwatsu.

18/
Da muka zo kan murjani Baban ya miƙo min safar hannu da tabarau, ya ce kada in kuskura in sosa ido. Wasu ƙananan murjani masu kama da furanni suna ɗauke da wata guba mai suna falitoksin, tana shiga ta rauni ko ta ido. Ya ce ko da wasa kada a zuba wa duwatsun tafasasshen ruwa, tururin kaɗai yana kwantar da mutanen gida. Nan na fara gane ba ƙaramin aiki ba ne.

19/
Duwatsu ɗaya bayan ɗaya, daga tanki kai tsaye cikin duro, ruwa ya rufe su. Yaron shagon Yaya ya ga safar hannu tana rage masa sauri, ya cire. Minti biyu sai ihu. Akwai wata tsutsa a cikin duwatsun mai gashi kamar ƙaiƙayi, ta zuba masa a yatsu. Da tef muka dinga cire masa su. Bai ƙara cire safa ba har muka gama 😂

20/
Kifi a ƙarshe ake kamawa, bayan ruwa ya yi ƙasa ba wajen ɓuya. Masu ruwan lemon ba su ba mu wahala ba, ƙananan ma haka. Sai muka nemi shuɗin muka rasa. Tanki ba komai sai yashi, kifi ya ɓace. Gabana ya faɗi. Muka koma duro muna ɗaga duwatsu, sai ga shi ya cusa kansa a wani rami, ya kwanta a gefe ɗaya kamar gawa.

21/
Na ce innalillahi, ya mutu. Baban ya yi dariya ya ce halinsa ne, in ya tsorata haka yake yi. Ya hana ni sa raga, saboda a gindin wutsiyarsa akwai ƙaya mai kaifi kamar reza, tana maƙalewa a raga kuma tana yanka mutum. Da robar abinci ya lallaɓa shi ya ɗauko a hankali, yana masa magana da Larabci ƙasa-ƙasa.

22/
Kifaye a kula biyu, kowace da ɗan injin iska mai batir. Ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iskar shaƙa ba, ruwan ɗumi kuma bai kai mai sanyi ba, mu kuwa mun haɗa biyun. Muka jefa robar ƙanƙara a rufe ruf tana yawo a sama, don in ta narke a ciki za ta tsinka gishirin. Kulolin suka shiga motar Yaya mai AC.

23/
Saura yashi. Samansa fari tas, amma da na zura roba ƙasa sai ga shi baƙi ƙirin, wari ya tashi kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Baban daga kan kujera ya ce "Ka ji ko? Zubar da shi." Na ce to Baba. Na kwashe a bokiti uku na fita da su, maimakon bola sai na tura su bayan mota. Irin yashin nan ba a samunsa a kasuwa, kuɗin Yaya sun ƙare, ni kuma ina ganin dabara na yi.

24/
'Yan dakon da muka ɗauko tun farko sun so a bar yashin da ɗan ruwa a ciki, wai ai za su iya. Ba maganar ƙarfi ba ce. Gilasai biyar ne aka haɗa da gam ɗin silikon kawai, ba ƙusa ba ƙarfe. In nauyi ya karkata gefe ɗaya haɗin zai murɗe, wataƙila ba za ka ga komai ba a ranar, sai bayan wata guda da tsakar dare ka ji ruwa a falo.

25/
Mutum shida muka ɗauka, da robobin nan masu kama gilashi da muka aro wajen wani mai aikin tagogi. Sai da aka kwance bututan da suka fito ta ƙasan tankin, in ba haka ba ana ajiye shi a kansu gindin zai tsage. A lungun fita ya ƙi juyawa, dole aka nemo sukundireba aka cire ƙofa gaba ɗaya. Mita goma ɗin nan ta ci mana minti 40.

26/
Da na koma ɗauko ragowar kaya na tarar da Baban a tsaye shi kaɗai yana kallon bangon. Fentin wajen da tankin ya rufe shekara da shekaru ya fi sauran haske, shatin murabba'i a fili. Bai fito raka mu ba. Ya nuna min ragowar bokitin gishiri da kwalaben gwajin ruwa, ya ce "Ku je, rana tana yi. Allah ya kiyaye hanya."

27/
A bayan a-kori-kura muka shimfiɗa tsohuwar katifa, tanki a kai, bargo a gefe, igiya ta ko'ina. Ni da mutum biyu a baya muna riƙe. Na roƙi direba kada ya wuce gudun keke. Duk wani tudun rage gudu sai na ji kamar a ƙirjina aka hau. 'Yan adaidaita suka cika mu da hon, wani ya leƙo ya ce "Malam, gawa kuka ɗauko ne?"

28/
A ƙofar gidan Yaya kuwa unguwa ta taru. Wani maƙwabci ya leƙa kula ya ga masu ruwan lemon, ya ce "Yanzu duk wannan wahalar a kan waɗannan? Ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba." Da Yaya ya raɗa masa kuɗin shuɗin kaɗai, sai ya yi salati ya ja da baya kamar kada numfashinsa ya taɓa shi.

29/
Falon a ƙasa yake, alhamdulillahi, don kilo 800 a bene wata maganar ce. Amma da muka ɗora lebul ɗin magina, mai ɗan kumfar iska a tsakiya, sai ga tayil ɗin ya gangara gefe. Tankin da bai zauna daidai ba, gefe ɗaya ke ɗaukar matsin ruwa. Muka dinga cusa faifan ƙarfe ƙarƙashin ƙafafun teburin, ba ƙarƙashin gilashin ba. Awa ɗaya da rabi ta tafi, ruwan kula ya hau digiri 28.

30/
La'asar ta yi, kowa ya gaji, ga bokitin yashi uku a gabana. Wanke shi zai ci aƙalla awa biyu da ruwa mai yawa, kifaye kuma suna ɗumama a kula. Sai ƙwaƙwalwata ta kawo min karatun aji biyu: ai bakteriya a jikin yashi suke zama, in na wanke na kashe su. Na juye bokiti ukun nan duka a cikin tanki, yadda suke.

31/
Wari ya cika falo. Yaya ya toshe hanci ya ce "Ƙanina, wannan warin lafiya kuwa? Ba Baba ya ce a zubar ba?" Wallahi ga amsar da na ba shi, ba ƙari: "Yaya ka bar min wannan, bakteriya ce, ita muke nema." Ya ce to, kai ne malamin. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, Hausawa ba su yi ƙarya ba.

32/
Muka jera duwatsu muna kallon hoton safe, muka zuba ruwa a hankali kan faranti, muka haɗa famfuna bisa lambobin tef. Ba yoyo ko ɗigo. Kifayen kuma sai da na yi minti 45 ina ɗiga musu ruwan tanki a kula da siririn tiyo don jikinsu ya saba. Bayan Magariba suka shiga. Har hoto na ɗora a WhatsApp ina karɓar yabo.

33/
Lahadi ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Na ce ƙura ce za ta kwanta. Kwalaben gwaji suna nan a kabad, minti biyar ne aikin, ban taɓa su ba, saboda ina da tes ranar Litinin hankalina yana can. Kuskure na uku ke nan. Da na gwada a ranar da mun samu kwana ɗaya cur na ceto.

34/
Litinin bayan Isha Anti ta kira: "Ka zo yanzu, shuɗin nan yana sama yana haki." Na hau babur na isa. Launinsa ya koɗe, kunnuwansa suna bugawa da sauri, ƙananan sun taru a kusurwa, murjani duk ya tsuke. Na ɗiga maganin gwaji. Ruwan da ya kamata ya tsaya rawaya ya koma kore. Amoniya tsakanin 1 da 2, a inda ake son sifili.

35/
Ga abin da na yi ba tare da na sani ba. Yashin nan ya tara kashin kifi da ragowar abinci na shekara 8. Can ƙasansa babu iska, shi ya sa yake baƙi yana fitar da iskar nan mai warin ƙwai, wadda ita kanta guba ce. Ƙananan halittun cikinsa kuma sun mutu a bokiti a zafin Afrilu. Na juye duk wannan ruɓar a kan bakteriyar duwatsu da tafiya ta riga ta raunana.

36/
Ƙari a kan haka, ruwan teku pH ɗinsa yana wajen 8.2. Duk sanda pH da zafi suka hau, kason amoniyar da ke ƙona kunnuwan kifi yana ƙaruwa. Adadin da tarwada za ta shanye ta wuce abinta, a nan kisa yake yi. Wannan ma yana cikin littafina na aji biyu, na haddace shi don jarrabawa, ban taɓa ganinsa da idona ba sai daren nan.

37/
Magani shi ne canjin ruwa nan take, mu kuwa ba mu da ko kofi. Gidan ruwan ya rufe. Yaya ya buga wa mai shagon layinsu da ke sayar da ledar gidan ruwan nan, muka kwaso buhu 10. Leda 200, lita 100. Ni da Yaya da Anti da yara biyu muka zauna a tsakar gida da reza muna farkewa muna juyewa a duro, ba mai magana.

38/
Gishirin ma ba a zubawa a yi amfani da shi nan take, sai ya narke sarai, a gwada, zafinsa ya zo daidai da na tanki. Ƙarfe biyun dare muka canza lita 100. Na juya famfo ɗaya yana kaɗa saman ruwa don iska ta shiga. Na zauna a ƙasa ina kallonsa. Da na dawo daga sallar Asuba ya kwanta a gefe ɗaya kan yashi. Na jira ya tashi kamar ranar Asabar. Bai tashi ba.

39/
Abin da ya fi ci min rai: irin wannan kifin sai a 2016 aka fara samun nasarar hayayyafa shi a tanki, a Florida ta Amurka. Galibin na kasuwa daga teku ake kamo su, musamman wajen Indonesiya da Filifin. Wato ya tsallake masunta da leda da jirgi, ya yi shekara 6 lafiya a Kano inda ba teku, ni kuma kwana uku kacal ya yi a hannuna.

40/
Yaya bai yi min faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Cewa ya yi "Jirgin Baba ranar Alhamis ne. Kai za ka je ka faɗa masa da bakinka, ba ta waya ba." Na so in ce a bari ya tafi kawai, ai ba zai sani ba. Na kalli fuskar Yaya na haɗiye maganar.

41/
Na same shi cikin akwatuna. Na durƙusa na gaishe shi na faɗa masa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce "Yashin?" Na ce eh Baba. Ya ce "Na ga bokitan a bayan mota ta taga. Na ce wataƙila wankewa za ka yi." Ya share ido da bayan hannu, ya ce "Sauran fa? Uwargida tana ci?" Daga nan bai sake ambaton shuɗin ba.

42/
Ya tsara min abin yi. Kada in kwashe yashin lokaci ɗaya, in dinga zuƙe shi da tiyo kaɗan-kaɗan tare da canjin lita 50 kullum. Ba abinci kwana uku, bayan nan ɗan kaɗan. Fitila a rage. Gwaji safe da yamma. Haka na yi, daga lakca sai Rijiyar Zaki. A kwana na 11 ruwan gwaji ya tsaya rawaya. Dodon koɗi biyu sun bi shuɗin, sauran duk sun rayu.

43/
Ga wanda zai yi irin wannan aikin, abin da na koya da tsada:
• Haɗa sabon ruwa fiye da lissafinka, a samu rarar lita 100 aƙalla
• Duwatsu a cikin ruwa daga farko har ƙarshe
• Tsohon yashi a zubar ko a wanke tas
• Tanki a ɗauke shi wayam
• A daidaita tebur kafin ɗigon ruwa ya shiga
• Gwajin amoniya kullum na sati biyu, ko da ruwan ya yi kyau a ido

44/
Masu tambaya ko su ma su saya: ku fara duba wutarku. Famfunan nan ba sa hutawa dare da rana, in suka tsaya na wasu awanni a zafin nan iska ta ƙare a ruwa. Injin sanyi kuma yana shan batir ba wasa. Yaya sana'arsa ce shi ya sa yake iyawa. Ga gishiri kullum yana ƙarewa. In aljihun ɗalibi ne da kai irina, fara da ƙaramin tankin ruwan daɗi.

45/
Da zan fito ranar, Baban ya ciro wani tsohon littafi mai bangon kwali ya ba ni. Shekara 8 yana rubuta kwanan wata, gishiri, zafi, amoniya, rabi da Larabci rabi da boko. Layinsa na ƙarshe ranar Asabar ɗin nan ce. Na biye nawa ne: "Talata, amoniya 2, shuɗin ya mutu, laifin yashi da ni." Yanzu na cika shafi huɗu a bayansa.

46/
Duk Juma'a ina tura masa hoton uwargida da maigidanta, sun zaɓi wani dutse a kusurwar hagu sun tare. Yana amsawa da saƙon murya, kullum tambayar farko "Ka gwada ruwa?" Gishirin da ya bar mana saura kwata. Don Allah duk wanda ya san mai kawo gishirin tankin teku a Kano, Kaduna ko Abuja ya taɓo ni ta DM.